Bayan an naɗe tuta: wa ke tunawa da soja da iyalinsa?

Idan soja ya faɗi a fagen daga, aka rufe akwatinsa da tuta, aka busa masa begila, aka ayyana zaman makoki, shin an sauke haƙƙinsa ke nan? In kuwa da saura, a wuyan wa take: gwamnati, ko dangi, ko mu mutanen unguwa?

Wannan tambaya ba ta daina dawowa majalisunmu a nan Kusiri ta Kamaru, inda kogi da gada kaɗai suka raba mu da Njamena. A ƙarshen Oktoban 2024, da mayaƙan Boko Haram suka afka wa sansanin sojojin Chadi a Barkaram, a yankin Tafkin Chadi, suka kashe kimanin 40, gwamnati ta ayyana makokin kwana uku. Haka aka yi a Maris 2020 bayan harin Bohoma, inda aka rasa sojoji kusan 100 a yini guda. Kowane karo hotuna kan cika Facebook da WhatsApp, ana ta "Allah ya jiƙan maza", sai kuma gardama ta kaure. Wani ya ce ai an karrama su, me ya rage? Wani ya ce aikinsu ne, albashi ake biyansu. Wani kuma ya ce shi bai ga abin yi wa soja kuka ba, don bai manta abin da soja ya yi masa a shingen hanya ba. Mako biyu, kowa ya koma harkarsa. Matar mamacin kuwa ko kwatan takabarta ba ta yi ba.

Kalma ɗaya, mutane iri-iri

A rediyo mun saba jin "'yan mazan jiya", musamman daga Nijeriya, inda suke da ranar tunawa da su kowace 15 ga Janairu. Kalma ce mai daɗi, sai dai tana zuba mutane daban-daban a buhu ɗaya, alhali ofisoshi ba haka suke kallonsu ba.

Akwai tsohon soja, wanda ya yi shekarunsa a bariki ya yi ritaya, ko da bai taɓa shiga artabu ba. Haƙƙinsa fansho ne gwargwadon shekarun aiki da muƙami. Akwai tsohon mayaƙi, wanda da Faransanci ake ce wa ansiyen kwambatan, wato wanda aka tabbatar ya halarci yaƙi, har akan ba shi kati a kan haka. Akwai wanda ya dawo ba ƙafa ko ba ido, shi kuma likitocin soja ne ke auna nakasarsa kafin a yanka masa abin da zai riƙa karɓa. Sai iyalan wanda bai dawo ba: mata, 'ya'ya, wani lokaci da tsofaffin iyaye da shi ne ke ɗauke da su. A Kamaru hukumar ONACAM ce ke kula da tsoffin mayaƙa da tsoffin sojoji da waɗanda yaƙi ya shafa, ƙarƙashin ma'aikatar tsaro. A Chadi ma akwai ofishi mai irin wannan aiki.

Akwai kuma rukunin da ba ya cikin kowace rajistar soja, kuma shi ne ya fi damuna: 'yan sa-kai na kwamitocin sintiri. Tun da Kamaru ta shelanta yaƙi da Boko Haram a Mayun 2014, su ne ke kwana a bakin garuruwa irin su Kolofata, Amshide, Kerawa da Fotokol, da kwari da baka da bindigar gida. Da 'yan ƙunar baƙin wake suka fara shigowa kasuwanni, har cikin Marwa a Yulin 2015, sau da yawa ɗan sintiri ne ke tare mai ɗauke da bam kafin ta kai tsakiyar jama'a, ya mutu tare da ita. An ba su babura da kayan abinci da na'urorin bincike a lokuta daban-daban. Amma ba su da lambar aiki, wadda sojoji ke ce wa matirkul, kuma inda ba lamba babu dosiye, wato fayil ɗin takardun neman haƙƙi. Matar ɗan sintiri ba ta da ƙofar da za ta ƙwanƙwasa kamar matar soja.

Abin da ya faru da kakanni

Mai cewa a bar wa hukuma ita kaɗai aikin tunawa, ya kamata ya san yadda aka yi da na farko.

A 26 ga Agustan 1940, lokacin da Jamus ta riga ta mamaye Faransa, gwamnan Chadi Félix Éboué ya bi bayan Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya. Washegari Leclerc, hafsan da de Gaulle ya turo, ya karɓe Duwala, Kamaru ma ta bi. Daga Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, aka haɗa rundunar da ta ratsa Sahara ta ƙwace Kufra a kudancin Libiya daga hannun Italiyawa a 1 ga Maris 1941. Mafi yawan waɗanda suka yi wannan tafiya baƙaƙen fata ne, da yawansu daga kudancin Chadi, duk da cewa "tirayar na Senegal" ake kiransu gaba ɗaya, sunan da Faransa ta ba sojojinta baƙaƙen fata. A Kufra Leclerc ya sa suka yi rantsuwa cewa ba za su ajiye makami ba sai tutar Faransa ta tashi a kan babbar majami'ar Strasbourg. Tutar ta tashi a Nuwamban 1944. Sai dai mafi yawan baƙaƙen da suka yi rantsuwar ba sa wurin, domin tun 1943, da za a mayar da rundunar ta tankokin yaƙi, an cire su an cike gurbinsu da fararen fata. Sunan Chadi ya shiga Paris a jikin tutar bataliya, 'ya'yan Chadi kuwa an bar su a baya. A 1 ga Disamban 1944 kuma, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wuta kan tirayar da suka dawo daga hannun Jamusawa suna neman kuɗinsu.

Bayan nan an kai wasu Indochina, an kai wasu Aljeriya. Da guguwar 'yanci ta taso, Faransa ta yi doka a Disamban 1959 ta daskarar da fanshon tsoffin sojojin ƙasashen da suka fita daga hannunta, daga baya dokar ta game kowa. Ma'anar daskararwa ita ce kuɗin ya tsaya cak a inda yake: na Bafaranshen da suka kwana rami ɗaya yana ta hawa kowace shekara, na Bachade ko ɗan Kamaru yana nan yadda yake, tsadar rayuwa na cinye shi. Wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, babbar kotun harkokin mulki ta Faransa ta ba shi gaskiya a Nuwamban 2001, amma ya rasu kafin hukuncin ya fito. Sai a Janairun 2011 aka daidaita fanshon gaba ɗaya, shi ma wani ɓangare na gyaran sai wanda ya rubuta ya nema. Shekara 50 ke nan. Nawa ne suka rage a raye a lokacin? Cikin matan da suka bari, nawa ne suka ji labarin, balle su san inda takardun suke?

A layinmu akwai wani tsoho da ya yi wa Faransa yaƙi a Aljeriya. Muna yara muna ganinsa ya sa tsohuwar hularsa ya tsallaka Njamena karɓar ɗan abin da ake ba shi. Yana da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, ciki da ɗan littafinsa na soja da lambobi da hotuna. Yakan so ya ba da labari, mu kuwa ƙwallo ta fi mana. Har yau abin yana ci mini rai. Ya rasu, akwatin ya zauna a ɗakin babbar 'yarsa, har ambaliyar 2022 ta shiga gidan, ruwa ya kwana a ciki ya mayar da takardun kunu.

Waɗanda ba a iya ambata da ƙarfi

Bayan 'yanci abin ya ƙara rikicewa, musamman a Chadi. Daga kafa ƙungiyar 'yan tawaye ta FROLINAT a 1966, zuwa yaƙin cikin Njamena na 1979 da 1980 da ya koro dubban mutane nan Kusiri, zuwa yaƙin Libiya da aka yi nasara a Fada da Wadi Dum a 1987, zuwa shigowar 'yan tawaye babban birni a Fabrairun 2008, ɗan tawayen jiya yakan zama kanar na yau, sojan gwamnatin jiya kuma ya wayi gari mai laifi. Wa za a kira tsohon mayaƙi, wa za a kira ɗan tawaye? Amsar takan bi wanda ke kan mulki. A gida ɗaya sai ka samu wa da ƙane sun mutu a ɓangarori biyu, uwa ɗaya ta yi kukan duka.

A arewacin Kamaru ma akwai irin wannan tabo. Bayan yunƙurin juyin mulki na 6 ga Afrilun 1984, an harbe sojoji da dama, mafi yawansu 'yan arewa, aka binne su nesa da gida. An yi dokar afuwa a 1991, amma akwai gidaje a Garwa da Marwa da suka yi shekaru ba sa iya kiran sunan ɗansu a bainar jama'a. Irin waɗannan, babu faretin 20 ga Mayu, ranar ƙasa ta Kamaru, da zai tuna da su. Addu'ar cikin ɗaki kaɗai ta riƙe sunayensu.

Ko a yaƙin da kowa ya yarda da shi, tunawar hukuma tana bin girman muƙami. Mutane da yawa sun san sunan Janar Jacob Kodji, da ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu kusa da Bogo a Janairun 2017, kuma ya cancanci a san shi. Amma sojojin Chadi 26 da suka faɗi a duwatsun Ifoghas na Mali a Fabrairun 2013, ko 10 da aka kashe a Aguelhok a Janairun 2019, mu adadinsu muka riƙe. Kowane ɗaya a cikinsu yana da sunan yanka, da sunan da uwarsa ke ɓoye shi da shi.

Inda iyali ke faɗuwa: takarda

Nan ne na fi so mai karatu ya tsaya, domin a nan ake asarar da za a iya kauce mata.

A wurinmu aure ya ɗauru idan an yi siga, an ba da sadaki, shaidu sun ji, an raba goro. A wurin Allah haka ne. A wurin ofishin da zai biya fansho kuwa, matar soja ita ce wadda sunanta ke kan takardar aure ta ofishin magajin gari, wato meri. Ɗan soja shi ne mai takardar haihuwa da sunan uban a jiki. Idan mutum ya rasu, za a nemi takardar mutuwa, da takardar zaman dangi da ta nuna wanda aka wakilta, da hukuncin kotu da ya lissafa magada. Da waɗannan ake haɗa dosiye, kafin a yi maganar kuɗin rasuwa da ake biya sau ɗaya, da kason fansho da ke komawa ga mata da marayu.

To, a yankinmu yara da yawa ba su da takardar haihuwa, kowa ya san wannan, don shi ne ke hana su zana jarrabawar ƙarshen firamare. Idan wa'adin rajista ya wuce, sai an bi ta kotu an samo hukuncin da zai maye gurbinta, kuma wannan na cin kuɗi da lokaci da zirga-zirga. Ka ɗora wannan a kan mace mai takaba, wadda shari'a ta ce ta zauna wata huɗu da kwana goma, ba ta jin Faransanci, ba ta taɓa zuwa Yawunde ba, mijinta bai taɓa gaya mata lambarsa ta aiki ba.

Na ga haka da idona. Wata 'yar'uwarmu ta nesa ta auri soja, suka haifi uku, ya rasu a bakin aiki. Ita ce ta biyu, kuma auren masallaci kawai aka yi. Uwargida na da takarda, ita ba ta da. Ranar da na raka ta wani ofis, ma'aikacin bai yi mata wulaƙanci ba, ya dai buɗe dosiyen ya juya mata shi ya ce: "Hajiya, duba da kanki, sunanki ba ya nan." Ta ce: "Ranka ya daɗe, to yaran fa? Kowa ya gan su ya ga ubansu." Ya ce kama ba ta shiga dosiye. Biyu cikin yaran suna da takardar haihuwa, ƙaramin ba shi da. Sai da aka yi fiye da shekara ana bin kotu kafin a sa shi a lissafi. Ita kanta har yau ba ta karɓar komai.

Wani abin kuma daga cikin gida yake fitowa. Wanda dangi suka wakilta, sau da yawa wa ko ƙanen mamaci, shi ke karɓar kuɗin, sai ya ɗauka nasa ne ya raba yadda ya ga dama. A rabon gado na Musulunci matar da mijinta ya bar 'ya'ya tana da tumuni, in su biyu ne ko fiye su raba shi, iyaye suna da rabonsu, saura na 'ya'ya ne. Ɗan'uwa ba ya cin komai matuƙar akwai ɗa namiji. Gargaɗin Alƙur'ani kan cin dukiyar maraya kuwa ba ya buƙatar fassara mai tsawo: wuta ce mutum ke zuba wa cikinsa. Kafin mu zargi Yawunde ko Njamena da jinkiri, kuma jinkirin gaskiya ne, mu duba abin da ya iso hannu ina ya shiga.

Saboda haka duk mai ɗa ko miji ko ƙane a soja, ko jandarma, ya zaunar da shi tun yana raye. A yi rajistar auren, a rubuta cewa na mace fiye da ɗaya ne in haka ne. A yi wa kowane yaro takarda. A rubuta matirkul da sunan bataliya a ajiye wurin mutum biyu. A ɗauki hoton kowace takarda da waya a tura wa wani amintacce a wani gari, don ruwa da gobara da gara ba sa tambayar izini. Wasu na ganin wannan kamar kiran mutuwa ne. Ba ya kawo ta, ba ya hana ta.

Masu ja da baya, da hujjojinsu

Akwai masu cewa ba za su karrama soja ba saboda abin da sojoji suka aikata. Ba ƙarya suke yi ba. A 2018 bidiyo ya bazu na sojojin Kamaru suna harbe mata biyu da ƙananan yara biyu a yankin Arewa Mai Nisa, kuma a Satumban 2020 kotun soja ta ɗaure huɗu daga cikinsu shekara goma-goma. Ɗan kasuwar da aka tatsa a shinge, da iyalin da aka kama ɗansu bai dawo ba, ba wanda zai tilasta musu tafi. Ni dai abin da nake gani shi ne laifi na mai shi ne, a bi shi har kotu. Yaron da aka kashe ubansa a tsibirin tafki yana gadin masunta bai tare kowa a hanya ba. Kuma tunawa ta gaskiya ba ta buƙatar a mayar da mamaci waliyyi. Ana iya cewa mutum ne mai zafin rai, ya kuma mutu yana tsaron garin da ba nasa ba.

Wannan na ƙarshe ya kamata mu riƙe. Da yawa cikin waɗanda suka faɗi a Fotokol da Kolofata da Darak 'yan kudu ne, Kiristoci, ba su jin Hausa ko Fulatanci ko Larabcin Shuwa. Aka kwashe gawarwakinsu aka kai garuruwan da ba mu taɓa zuwa ba. Kasuwar da muke ci yau da jininsu a ciki.

Akwai kuma masu ja ta fuskar addini. Ajiye furanni, tsayuwar shiru ta minti ɗaya, gina mutum-mutumi, duk suna ganin baƙin abubuwa ne. Ko sadakar uku da bakwai da arba'in malamanmu sun saɓa a kai, kuma ba a wannan rubutu za a raba gardamar ba. Amma akwai inda babu saɓani. Da aka kashe Ja'afar ɗan Abu Ɗalib a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tafi gidansa da kansa, ya rungumi 'ya'yansa, ya kuma umarci a yi wa iyalan Ja'afar abinci domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Shi ne kuma ya haɗa yatsunsa biyu ya ce haka zai kasance a Aljanna da mai ɗaukar nauyin maraya. Wanda furanni ba su kwanta masa ba, ga hanya a buɗe.

Tunawa ta gida, a aikace

Abin da nake nufi da tunawa ta gida ƙananan abubuwa ne da ba sa jiran kasafin kuɗi. Ranar ta'aziyya gida cike yake. Ranar da takaba ta ƙare, ranar komawa makaranta a watan Satumba a Kamaru ko Oktoba a Chadi, jajibirin sallah, a nan ake gane wanda ya tuna. Maƙwabcin da ya biya wa maraya kuɗin littattafai, ko mai jin Faransanci da ya ba da yini guda ya raka bazawara kotu, ya yi abin da begila ba ta yi ba.

Sai waɗanda suka dawo da rai. Wasu raunukan ba a ganinsu. Mutum ya dawo daga tafki ba ya barci, ƙarar salansar babur ta sa ya kwanta ƙasa, ya riƙa yi wa matarsa tsawa ba dalili, wani ya faɗa tiramol ko giya. Mukan ce aljanu ne ko sammu. A yi addu'a, amma a kai shi asibiti, domin ciwo ne da likitoci suka sani, kuma matarsa da 'ya'yansa su ne ke kwana da shi.

Sannan labarin kansa. Tsoffin da suka ga Fada da Wadi Dum suna nan a unguwannin Njamena, sun haura sittin. Waɗanda suka yi zaman Bakasi kafin Nijeriya ta miƙa wa Kamaru yankin a 2008 suna nan a Garwa da Gaundare, wasu na gadin shaguna. Kowace waya tana ɗaukar murya. Jika ya zauna da kakansa bayan la'asar, ya tambaye shi: "Baba, a wace shekara aka ɗauke ku? Wa ke kusa da kai ranar? Yaya sunansa, ɗan wane gari ne?" Sau da yawa daga irin wannan hira ce wani gida ke jin yadda nasu ya cika, bayan shekaru suna riƙe da takarda mai layi biyu.

Kwanan baya jikan tsohon nan na layinmu ya zo wurina, don ya ji an ce na san kakansa. Yana makarantar sakandare. Ya ciro lamba guda daga aljihu, ita kaɗai ta tsira daga ruwan, ƙyallenta ya ruɓe, ƙarfen ya yi tsatsa. Ya ce: "Kawu, wannan ta mece ce? A wane gari aka ba shi?" Na gaya masa kalar hular, da yadda tsohon ke miƙe ƙirji in ya ji taken soja a rediyo, da sunan da abokansa ke kiransa da shi. Ya rubuta duka a bayan littafinsa na lissafi. Mun yi da shi cewa ranar Lahadi za mu tsallaka Njamena wurin wani tsoho da aka ce sun yi bataliya ɗaya da kakansa, in Allah ya sa yana iya magana.